Gasarar Uwale

Kai Habu, wa ya koya maka tambayar babba dalili? Na ce a kashe akwatin nan mai ƙifta ido, sai a kashe. To, tunda kunnenku na ƙaiƙayi, ku matso.

Uwale mai koko mace ce mai tsabta, ko ƙuda ba ya sauka a rumfarta. Mijinta Sallau ya sayo akwatin waifai ya kafa a falo, ya ce ba a kashe shi, da dare yake sauke ƙwallo.

Wata magariba sai ga tsohuwa ta leƙo ta kan katanga. Katangar nan kuwa ta fi namiji tsayi.

"'Yar nan, a taimaka mana da lambar akwatinku."

Sallau ne daga kan tabarma ya karanto mata, yana dariya.

"Iya, ke ma kin waye?"

"Har da yarana?"

"Har da jikoki!"

Da safe gasarar da Uwale ta bari ta kwanta ta tashi da yauƙi, tana warin kwata. Ta zubar. Washegari ta rufe sabuwa, ta ɗora dutse. Haka dai. Wadda ta yi dama-dama ta dama, matar liman ta dawo da kwano, da dogon farin gashi a ciki. Masu saye suka fara wuce rumfarta suna tofar da yawu.

Ran nan ta ƙi barci. Can sai ta ji tsotso. Cap. Cap.

Ta leƙa tsakar gida. Ga yaran tsohuwar nan tsugune, cike da wurin, jikinsu sharkaf da ruwan rariya. Kowanne riƙe da fasasshiyar waya irin ta bola, haske na dukan fuskar da ba hanci. Ɗaya na lasar ludayinta. Wani ya tsoma ƙafafu cikin gasara yana wasa da yatsu. Tsohuwar kuwa tana taje kanta a bisa randa.

Ba tsoro ne ya kama Uwale ba, ƙyama ce. Ta lallaɓa falo, ta yi bisimilla, ta fizge wayar akwatin daga bango.

Duhu. Sai tsaki ta ko'ina, da sululun abubuwa suna bin rariya. Muryar tsohuwa ta zo daf da kunnenta, da ɗumin numfashi.

"Marowaciya. Saura kaɗan mu gama kallon."

Uwale ta fasa randar, ta ƙone ludayin. Sai da ta shekara kafin mutane su koma shan kokonta. Sallau kuwa, da yake yakan kurɓi ruwan randar nan kowace asuba, har ya tsufa yana kakarin gashi a maƙogwaro.

Habu, zare shi. Ke Ladiyo, rufe tukunyar can. Duk wanda ya tashi fitsari ya ga koren idon nan na ƙiftawa, kada ya kira ni. Ku wuce ku kwanta.