Bakwaini Mai Auna Ƙwai

Ban taɓa zama a aji ba, amma idanun nan nawa babu abin da ke wuce su. Ranar da wani yaro ya shigo gidan kajin ɗana da ma'aunin zafi a aljihu, jikata Auta tana jera ƙwai a injin ƙyanƙyasa. Ta ɗago, suka haɗa ido, ƙwai ya suɓuce mata, tas! Na ce a raina, an gama.

Ɗalibi ne, siriri kamar tsinken tsintsiya.

"Me kake nema a ƙwai?" in ji Auta.

"Kaza ɗaya ta saka waɗannan. Rabi zan ƙara musu ɗumi tun 'yan tsakin suna ciki, in ga ko za su fi 'yan'uwansu jure zafi in sun girma."

"Wato ƙwai yana tunawa?"

"Jiki yana tunawa. Gado ɗaya ne, amma abin da ka fara gamuwa da shi yakan tada wani sashe, ya bar wani yana barci."

Ni ma sai na jawo kujerata kusa.

Ba a daɗe ba waya ta fara ƙara. Auta ke karanta mini saƙonnin yaron, in ta ga dama.

"'Yar tsakona, yau na auna komai daidai, ban da zuciyata. Ta wuce ma'auni."

Ta mayar masa: "Malam Ma'auni, rage wuta, kada ka dahu."

Da maganar aure ta taso, ɗana ya kafe. Ashe wani ƙato mai sayar da abincin kaji, da ya daɗe yana zarya wajen Auta, ya raɗa masa cewa yaron bakwaini ne. Auta ta daina cin abinci.

"Baba, wata bakwai fa aka haife shi!" in ji ɗana. "Wanda bai nuna a ciki ba, ina zai riƙe gida?"

"Kai, yaro! Ni wata nawa na yi?"

Na ɗaga masa yatsu bakwai.

"Bakwai! A auduga aka naɗe ni, gefen murhu. Na ga yunwa, na ga ƙyanda, rijiya ta rufta da ni na fito da ƙafata. Ina sa'o'ina 'yan wata tara? Da surukina ya yi tunani irin naka, wa zai haife ka?"

Ya sosa ƙeya. "To, ya turo magabatansa."

Ranar aure na kama hannayensu na haɗa.

"Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai albarka. Su zo a watan da suka ga dama."