Ƙararrawar Hanyar Okuhata

Da safiyar Lahadi aka bugo waya caji ofis na Shimohata cewa an sace keke a masaukin Gonda. Sufeto Kuramochi ya ajiye shayinsa bai ko kurɓa ba. A garin da ake tafiya gona a bar ƙofa a buɗe, wannan babban labari ne.

Mai keken wata baƙuwa ce daga Osaka, Nagisa Shiraki. Mun saba da irinsu. Duk ƙarshen mako su zo da kekuna masu faɗin taya, su bi hanyoyin burji su hau tsaunukan da iyayenmu suka gudo daga cikinsu, su dawo buɗu-buɗu suna murna kamar an ba su kyauta.

"Ina kika ajiye shi?" in ji Sufeto.

"Nan cikin rumfa. Na tambayi mai masaukin ko in sa kwaɗo, ta yi mini dariya."

"Jiya ina kika je da shi?"

"Okuhata, ƙauyen nan da ba kowa. A wajen cin abinci ma na ba mutanen gidan nan labari."

Sufeto ya tsuguna. Sawun taya ya fita daga rumfar, sawun takalmin ruwa na biye da shi. A bakin titi bai yi dama wajen birni ba, hagu ya yi.

"Mai niyyar sayarwa birni zai nufa," ya ce da Kofur Ebina. "Wannan tsauni ya hau."

Mai masaukin, Tomoe Gonda, tana tsaye a ƙofa tana murza gefen rigarta. A bayanta kwalaye ne a ɗaure.

"Tashi za ku yi?"

"Kayan Baba ne, Yallaɓai. Cikin makon nan za a kai shi gidan kula da tsofaffi a birni."

"Yana ina?"

"Yana kwance, gwiwa ta dame shi. Ni ban ji motsin komai ba, shi ma haka."

Sufeto ya lura ta amsa tambayar da bai yi ba, amma ya bar ta.

Gida na ƙarshe kafin burji na Inna Sute ne, mai gonar lemu. Suka same ta tana tsince lemu a kwando.

"Inna, wani ya wuce nan da sassafe?"

"Me? Ɗaga murya, ɗan nan, kunnen ya daɗe da yin ritaya."

Sufeto ya juya ya raɗa wa Kofur, "Lemun nan da gani tsami ne."

"Tsamin gidanku!" Inna ta daka masa tsawa. "Uwarka a nan take saye."

"Ashe kunnen ya dawo aiki. Wa ya wuce?"

Ta sunkuyar da kai. "Ba kowa. Ni dai na ɗauka mafarki nake yi. Rabona da jin wannan ƙarar tun kafin ƙasa ta zaftare ta rufe hanyar mota."

"Wace ƙara?"

"Iska," in ji ta, ta ci gaba da tsintar lemunta.

Da azahar Kofur ya gano keken a bayan rumbun shinkafa na ƙauye. Tayar gaba ta lanƙwashe. Amma an wanke shi tas, an sa wa sarƙar mai, an jingine shi a inuwa. An kuma sauke sirdin ƙasa sosai.

"Yallaɓai, tunda nake ban taɓa ganin ɓarawo mai ladabi haka ba."

Sufeto bai yi dariya ba. Idonsa na kan wata tsohuwar ƙararrawar tagulla da aka ɗaure a hannun keken da jan zare. Ɗan garin nan ba ya shiga tsauni sai da ƙararrawa, don namun daji su ji tahowarsa su kauce. Hannu ne ke ɗaura ta, ba sai kai ya yi tunani ba. Ɓarawon ya tuna da wanki, ya manta da kwance ta.

Suka koma masaukin. Sufeto ya cire takalmi ya shiga, ya tsaya gaban wata ƙusa a jikin bango wadda ba komai a kanta. Ya ɗaga ƙararrawar ya kaɗa sau ɗaya.

Tomoe ta yi sauri ta sha gabansa. "Ni ce, Yallaɓai. Ni na ɗauka. Sha'awa ce kawai."

"Kin fi Kofur tsawo. Me ya sa za ki sauke sirdi?"

Sai aka ja ƙofar ɗakin ciki, wani ɗan guntun tsoho ya fito yana ɗingishi, gwiwar hannunsa a naɗe da tsumma. Heizo Gonda ke nan, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana kai wasiƙu ƙauyukan tsauni a kan keke.

"Tomoe, bar ƙarya, ba ki iya ba. Uwarki ma ba ta iya ba." Ya dubi Sufeto. "Ni ne, yaro."

"Me ya sa, Baba?"

Ya zauna a hankali. "A Okuhata aka haife ni, a can matata Chiyo take kwance. Tun da hanya ta rufe ban je kabarinta ba. Mota ba ta zuwa, ƙafata ba ta kai ni. Sai waɗannan yaran, su je su dawo, ina zuba musu shayi suna hirar gidana. Jiya wannan baiwar Allah ta ce ta huta a gindin wata bishiyar lemu a ƙofar wani kango, ta yi 'ya'ya har rassan suna taɓa ƙasa. Chiyo ce ta dasa ta."

Nagisa, wadda ke tsaye da hannu a ƙugu, ta sauke hannun.

"Da na roƙa, Tomoe za ta hana. In kuma aka kai ni birni, shi ke nan. Na ce in je in dawo kafin a tashi karyawa."

"Ka isa?"

Tsohon ya laluba aljihu, ya fito da turaren tsinke irin wanda ake kunnawa a kabari, ba a kunna ko ɗaya ba.

"A gadar katako na faɗi. Ko rabi ban yi ba. Hanyar da nake hawa ina fito, yau ita ta kayar da ni."

Abin tausayi ne, kuma duk wanda ke wurin ya ji shi har zuciya.

"Da ka tambaye ni, Baba," in ji Nagisa, "da ni zan kai maka turaren."

"Na sani, 'yata. Ni nake son ta ji zuwana. Da can, in ta jiyo ƙararrawar nan daga kwana, sai ta ɗora ruwan shayi."

Sufeto ya gyara murya. An shigar da ƙara, dole a je ofis a yi bayani. Kofur ya taɓa ankwa, Sufeto ya harare shi har ya janye hannu. Tomoe ta sa wa mahaifinta takalmi tana kuka, aka kama shi aka shigar da shi mota.

Hanyar ofis dama take. Sufeto ya yi hagu. Suka wuce gonar Inna Sute, ya taka birki daidai inda kwalta ta ƙare, burji ya fara hawa ya shige cikin itatuwa. Ya sauke gilashi, ya miƙa ƙararrawar baya ba tare da ya waiwaya ba.

Tsoho Heizo ya fitar da hannu ta taga ya kaɗa. Ƙarar ta bi kwarin ta hau. Ya sake kaɗawa, ya karkatar da kai yana sauraro, ya daɗe a haka.

Sannan ya mayar wa Sufeto da ita.

"Mu tafi, yaro," ya ce. "Yanzu ta san na taso."