Aljihun Dodo

“Dodo da aljihu? Haba Allurata, a ina kika taɓa ganin dodo da aljihu?”

Abin da Darakta ya fara faɗa ke nan da ya zo shagona gwada kayan karo na biyu. Allurata yake kirana tun farkon soyayyarmu, wai ga ni siririya ga tsinin baki. Ni kuma ina ce masa Darakta tun bai mallaki ko kyamara ba.

Na ce masa aljihu ya zauna daram, in ba ya so ya nemi wata telar.

Mako uku na yi ina ɗinka dodon nan na fim ɗinsa na farko. Tsohuwar katifata na yanyanka na yi masa ƙirji da doro, na rina buhuna baƙi ƙirin na lulluɓe, haƙoran kuwa cokulan roba ne na fere. Ba shi da halin ɗaukar ɗan wasa, don haka shi ne mai ba da umarni, shi ne kuma zai shiga cikin dodon. Ga shi da ciwon asma.

A gwajin farko ko minti biyar bai yi a ciki ba ya zube gaban kekena yana kokawa da numfashi. Da almakashi na farke kayan, ina lalube wandonsa ina neman ɗan abin shaƙarsa. Ranar na san ba zan iya rayuwa babu shi ba. Shi ya sa na ɗinka wa abin shaƙar aljihu a ƙirjin dodon ta hagu, na sa masa maɓalli, na kuma sayi wani abin shaƙar na ajiye a durowar kekena saboda tsaro.

Ya yi mita, ya yi magiya, daga baya ya yi dariya ya ce ai a duhu za a ɗauka, ba wanda zai lura.

Abba, mahaifina, mai gyaran agogo ne, shi kaɗai ya raine ni bayan rasuwar mahaifiyata. Da Darakta ya turo maganar aure bai ce e ba, bai ce a'a ba. Cewa ya yi shi bai san mutum ba sai ya ga aikin hannunsa, a kai shi kallon fim ɗin tukuna.

Ranar Asabar da rana aka haska shi a wani zaure na haya, an toshe tagogi da barguna. Abba ya sa rigarsa mafi kyau ya zauna kusa da ni. Ni dai addu'a kawai nake yi mutane su tsorata.

Da farko sun yi tsit. Rijiya, iska, yarinya tana leƙawa... sai ga dodo ya fito. Ashe mai riƙe fitila ya haske ƙirjinsa tas.

“Kai, dodon nan aljihu gare shi!” wani ya faɗa daga baya.

Zauren ya ɓarke. Wata mata a bayanmu ta ce ƙila katin shaidarsa ne a ciki. Wani ya ce a'a, kuɗin motar komawa rijiya ne. Duk sanda dodo ya yi gurnani sai a tafa masa, wani tsoho har da riƙe ciki yana share hawaye. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na saci kallon Abba, sai na ga shi ma kafaɗunsa na rawa. Ya sunkuyo ya raɗa min cewa yaron ya yi ƙoƙari, wanda ya tara mutane ya sa suka manta damuwarsu ba malalaci ba ne, gobe in ce ya turo manyansa.

Wallahi a wannan minti ba wanda ya kai ni farin ciki a duniya.

Da aka kunna fitilu Darakta ya hau gaba don jin ra'ayin 'yan kallo, fuskarsa kicin-kicin. Wani ya yaba labarin, wani ya ce sautin ya fi hoton ban tsoro, wata ta ce ƙanwarta mai shekara shida ma ba za ta firgita ba. Sai mutumin nan na baya ya miƙe ya tambayi dalilin aljihun.

Na ɗago ina murmushi. Na ɗauka zai faɗa musu.

“Kuskuren tela ne,” in ji Darakta. “Na ce mata kada ta sa, ta sa. Kun san in mutum ya saba ɗinka rigunan makaranta, ba ya gane aikin fasaha. Ita ta kashe min fim.”

Aka sake kwashewa da dariya. Bai kalli inda nake ba.

Abba ya ciro agogon aljihunsa, ya duba, ya mayar, ya miƙe. Muka kama hanyar gida. Sai a bakin ƙofa ya ce, “Maganar da na yi ɗazu ban janye ba, 'yata. Amma ke ma kina wurin, kin ji da kunnenki.”

Kwana tara Darakta bai kira ba. Ni kuma, don neman wahala, kullum sai na buɗe waya na karanta abin da ake rubutawa a ƙarƙashin fim ɗin bayan ya saka shi a intanet. Wasu na zagi, wasu na cewa sun kalla sau uku. Aka fara zana dodon da biro a aljihu. Wata ta rubuta cewa duk wadda ta ɗinka maɓallin nan da kyau haka, da zuciya ɗaya ta ɗinka. Wannan na karanta na kifa kaina a kan keke na yi kuka mai isata.

Rana ta goma sai ga shi da hantsi, ɗauke da dodon a kafaɗa, bakinsa har kunne. Wai fim ya karɓu, mutane aljihun suke so, zai yi na biyu, a ƙara wa dodon wani aljihun ta dama. Kuma manyansa a shirye suke.

Na tambaye shi ko ya gaya wa mutane abin da ke cikin aljihun.

Ya sosa ƙeya. “Allurata, ki fahimce ni... in aka ji dodon asma gare shi, wa zai ƙara ɗaukata da muhimmanci? Yanzu ma ina ce musu da gangan na tsara shi haka.”

“Da ana dariya nawa ne, da aka fara yabo ya zama naka?”

“Ranar kunya ce ta kama ni.”

“Ni ma ta kama ni, Darakta. A gaban mahaifina.”

Ya yi ta rantsuwa yana cewa yana sona, kuma na san ba ƙarya yake yi ba. Abin da ya fi ci min rai ke nan. Yana sona, amma ranar da zaure ya sake yin dariya, ni zai sake miƙa musu.

Na karɓi dodon na shimfiɗa a tebur. Maɓallin ya yi lako-lako, na zare allura na ƙara masa ƙarfi, don ba zan iya barin sa haka ba. Sannan na jawo durowa na ɗauko abin shaƙar nan da na ajiye, na sa masa a tafin hannu na naɗe yatsunsa a kai.

“Ka riƙa yawo da biyu,” na ce. “Daga yau babu na ajiya a shagon nan.”

Ya daɗe a tsaye kafin ya saɓi dodonsa ya fita. Na bi shi da kallo har ya sha kwana, ƙafafun buhu na jan ƙasa a bayansa, ina jiran in ji ko zai yi tari.