Kunnen Ɗan Gareji

— Ajiye ta! Na ce ajiye min jikata!

Ɗan Gareji ya tsaya cak a tsakiyar falon surukarsa, 'yarsa manne a ƙirjinsa. Shekarunsa goma sha tara, matarsa Auta sha takwas. Auren soyayya suka yi, wanda Mama ta amince da shi kamar yadda ake amincewa da allura. Ranar da aka haifi Bebi ta yanke hukunci cewa yara biyu ba za su raini na uku ba, ta kwaso 'yarta da jikarta zuwa gidanta, wai na ɗan lokaci. Wata biyar ke nan lokacin bai ƙare ba. Shi kuwa an yi masa adalci: kullum da hutun rana yana da minti goma.

— Mama, numfashinta bai yi min ba.

— Bai yi maka ba! Ku ji min likita! Haƙori take fitarwa. Bakwai na haifa, bakwai na raina, sai kai da gemunka bai gama shawarar fitowa ba za ka koya min?

Abu na farko da ogansa ya koya masa a gareji shi ne, kafin ka taɓa inji, rufe bakinka ka saurara. Shekara shida yana kasa kunne, har ya kai mota na shigowa zai faɗi ciwonta tun direba bai fito ba. Ya ɗora kunnensa a bayan Bebi. Numfashin na gudu, da wata 'yar ƙara can ƙasa, fatar haƙarƙarinta na lotsawa.

— Mama, wallahi ko inji ne, in yana tsaye yana wannan gudun, akwai matsala.

Wannan ba ita ce magana mafi hikima da ya taɓa yi ba.

— Inji?! Jikar tawa ce inji? Auta, kin ji abin da kika kwaso mana! Gobe sai ya ce a canza mata mai!

— Abban Bebi, don Allah ka ba ta haƙuri, in ji Auta, hawaye sharkaf.

— Haƙuri? Wata biyar ina sallama kamar baƙo kafin in ga 'yata! An ce kar in ɗauke ta, na bari. An ce hannuna da kaushi, na yi shiru. Yau kam asibiti za mu. Ki yafe min, Mama.

Mama ta tare ƙofa.

— Ka tsallake nan da ita, ka dawo ka rubuta wa 'yata takardarta! Na gaji da wasan yara!

Ya san Mama ba ta barazana a banza. Ya dubi Auta, wadda tunda take ba ta taɓa musa wa uwarta ko launin zani ba. Auta ta share fuska, ta jawo mayafi.

— Mu je, Abban Bebi. Sori, Mama.

Mama ta kauce don mamaki kawai. Sannan ta zura takalmi ta bi su, don a kunyata shi a gaban idonta.

A asibiti nas ta ɗaga rigar Bebi, ta kafa ido a agogo, minti ɗaya cur. Sai ta miƙe da sauri ta kira likita. Sanyi ne ya kama huhun yarinyar. Nan take aka ba su gado.

— Wa ya lura? in ji likita. Da kun kai gobe, da wata maganar muke yi.

Mama ta shiga nazarin silin da matuƙar sha'awa.

Kwana uku Ɗan Gareji yana kan benci. Bai ce wa kowa "ai na faɗa" ba, ko da yake ya maimaita ta a ransa sau ɗari. Ranar sallama nas ta zo da kwalbar magani, ta nufi Mama da bayanin awo.

— Ni kike gaya wa? Mama ta ce a fusace. Yarinyar ba ta da uba ne? Ga shi can. Gidansa za su.

Auta ta fashe da kuka, wannan karon har da dariya a ciki. Ɗan Gareji ya durƙusa zai yi godiya.

— Tashi min, kar ka tara min jama'a! Kuma ka ci abinci, ka koma kamar sanda.

Daga bakin Mama, wannan wasiƙar ban haƙuri ce mai shafi goma.

To, samari, haihuwa kan zo wa yaro tun bai shirya ba, amma zama uba sai wanda ya jure ya tsaya kusa da ɗansa. Iyaye kuma, in kun hana yaro riƙe abin da ya haifa don kuna ganin bai iya ba, ku gaya mana ranar da kuka tanada masa ya iya.