Ɗakin da Yaya Ya Ƙi Kwana

Ƙanin tela, Taɓa-ka-bari ake ce masa, kuma wallahi sunan ya bi jiki. Ya sayar da takalma, ya yi gyaran waya, ya kiwata kaji, ba sana'ar da ta shekara a hannunsa. Yayansa kuwa keken ɗinki ɗaya ya riƙe tun yana saurayi, har ya tara kekuna jere a shago.

Ran da ya je neman sabon jari, yayan ya ce masa a gaban ma'aikata, "Kai ba jari ka rasa ba, zama ka rasa." Aka kwashe da dariya. Saboda dariyar nan ya yi rantsuwa sai ya ga bayan shagon.

Ya nufi wurin wani boka. Ɗakin bokan ba taga. Ƙahoni rataye, ƙasa a jiƙe, ga baƙar tukunya rufe da fata, tana numfashi kamar mai barci.

"Arziki nake so yanzu," in ji shi. "Wanda zan taka yayana da shi."

"Arziki shekaru yake ci," in ji boka. "Tunda ba za ka ba da naka ba, tukunya za ta ɗiba a jikin masu kwana a gidanka."

Ya yi murmushin mugunta. Ai da sauƙi: ya karya yayan, ya ba shi ɗaki, tukunya ta sha.

"Na yarda."

Boka ya yanka baƙin zakara, ya zare zare daga wuyan rigar Taɓa-ka-bari, ya tsoma a jinin, ya jefa cikin tukunyar.

Kuɗi suka zo kamar an ɓalle famfo. Ya sayi ginin shagon, ya sa aka watso kekunan waje, sannan ya tausasa murya. "Yaya, ga ɗaki a gidana."

"Na gode. Ina da keke." Ya ja kekensa zuwa wata rumfa a bakin titi, ya ci gaba da ɗinki.

To, gidan Taɓa-ka-bari ba kowa sai matarsa da 'yarsu. Yarinya ko makaranta ba ta shiga ba furfura ta rufe mata kai. Haƙora suka zube, baya ya ranƙwafe, ta mutu da fuskar tsohuwa. Uwar ta zauce, tana bin titi tana tambayar wa ya ga jaririyarta. Yayan ne ya ɗinka likkafanin, yana kuka.

Taɓa-ka-bari ya koma wurin boka a guje. "Na fasa. A kwance."

"Ka saba bari ko? Wannan sana'ar ba a barinta. Kuma yanzu kai kaɗai ke kwana a gidan."

Wata bai ƙare ba ya fara dogara sanda.

Kai mai gaggawar arziki, ka je bakin titin nan ka duba. Tela ya ƙara keke na biyu, kuma tsohon da ke kwance gefen rumfar yana jiran a ba shi abinci ƙaninsa ne.