Hasken da Ya Shiga Ƙarƙashin Rumbu

Da magaribar wata Talata, a shekarar da gwamnati ta ce kowa ya tsuke bakin aljihu, Sodangi direba ya shigo da Fijonsa gida a Boɗinga, ya tsayar da ita inda ya saba, hancinta na kallon tsohon rumbun gero. Fitilunta na ƙasa, ƙananan nan biyu da ake kunnawa idan ruwa ya rufe hanya, shekara biyu ke nan suna ci kamar aci-balbal. Sau uku Bawa bakanike yana canja musu ƙwai. A gareji su haska tangaran, da sun kwana gida su dushe. Sodangi kuwa mutum ne da ko inuwarsa bai yarda da ita ba, don haka ya yanke cewa tsofaffi Bawa ke mayar masa.

Ran nan da kansa ya yi aikin. Ya goge gilasan da toka da lemun tsami, ya liƙa takardar azurfa ta kwalin taba a ciki, ya jawo waya kai tsaye daga batir. Yana kunnawa, haske ya mamaye ƙasa, ya kutsa tsakanin duwatsun da rumbun ke zaune a kai. Daga can ƙarƙashi wani abu ya tsala ƙara, irin ta jariri, sannan gidan ya yi tsit.

Sai dutse ya faɗo kan kwanon ɗaki. Wani ya biyo.

Kwana uku ana jifan, kullum da faɗuwar rana. Sodangi ya ce Bawa ne ke turo 'yan iska, ya je tasha ya zage shi tas a gaban jama'a. A rana ta huɗu 'yarsa Safinatu, mai shekara goma sha biyu, tana zaune gaban fitilar ƙwai tana tsince wake, ta ɗago kai.

"Inna, wa ak kashe hitila?"

Fitilar na ci. Uwarta Kaltume ta kaɗa mata hannu a fuska, ta tabbata yarinyar ba ta gani. Mijin na ta rantsuwa sammun Bawa ne, ita kuwa ba ta saurare shi ba. Gari na wayewa ta tafi Shagari ta ɗauko Malam Abdulƙadir, aminin marigayi mahaifinta.

Bayan la'asar Malam ya zauna a kan buzu, ya riƙe babban yatsan yarinyar, ya dinga karatu a hankali. Can sai bakin Safinatu ya buɗe da muryar tsohuwa.

"Sake ni, Malam. Ba ni at tsokano ba."

"Wace ce ke? Mi kika nema ga ɗiyar mutane?"

"Tun kakan mai gidan ga bai aza rumbun ga ba nike nan. Shekara biyu ina shafe hitilun ga da hannuna, don a zamna lahiya. Jikana kwanansa shidda ga duniya, mutumin ga ya zuba mai wuta ga ido."

Wannan karon Sodangi ya rasa wanda zai zarga. Kunya da tsoro suka rufe shi.

"Bai sani ba," in ji Malam. "Ki ji tsoron Allah, ki maido ma yarinya ganinta. A cire hitilun, a sake ma mota wuri."

"Ba ni bukata. Tashi za mu yi, gidan ga ya ishe mu. Amma ido guda at tsira ga jaririn namu, Malam. Guda za ni bari."

Malam ya ɗaga murya da karatu, gumi na tsiyaya daga gemunsa, har aka kira magariba. Ya roƙa, ya tsoratar, ya yi tayin farin rago. Tsohuwar ba ta janye ba. Yarinyar ta yi atishawa sau uku, jikinta ya saki.

Da ta farfaɗo ta ga uwarta, ta ga Malam, ta nemi ruwa. Sodangi ya durƙusa a gefenta na hagu, hawaye na zuba, ya miƙa mata moɗa. Ba ta karɓa ba, don idonta na hagu bai dawo ba. Sai waige-waige take yi ta dama.

"Inna, ina Baba? Ina jin numfashinai, amma ba ni ganinai."