Kwallin da Ya Ci Madubi

Kwana uku da haihuwar Jamila a Tudun Wada, jaririyarta ta wayi gari ido a kumbure, hawaye na fita da jini-jini. Uwani ungozoma ce ke yi mata wanka, ita ce kuma ta sa wa jaririyar kwalli da hannunta. Kafin azahar matan unguwa, waɗanda ba a raba su da leƙen katanga, sun gama shari'a: tsohuwa ta tsiyaye idon 'yar mutane.

A asibiti likita ta wanke idon, ta naɗe, ta ce ƙwayar ta kakkarce.

"Me kuka sa mata, Inna?"

"Kwalli ne," in ji Uwani.

Da ta koma gida sai ta juye tandun kwallin Jamila a kan madubi, ta murza da yatsa. Ta ji ƙiris-ƙiris. Ta goge, ga madubi duk zane. Shekara arba'in tana taɓa kwalli, ba ta taɓa ganin wanda ya ci gilashi ba. Ta ƙura wa garin ido. Ƙyallin nan ta san shi: a ƙasan shagon Yusha'u mai wasa farantin injin niƙa take ganinsa.

Da ta kai masa, Yusha'u ya shafa garin, ya yi salati.

"Inna, wannan dutsen wasa ƙarfe ne, silikon kabaid. Ni sai na rufe hanci, na sa tabarau nake kunna shi. Shara ma sai na yayyafa ruwa, don ƙurarsa huhu take ci. A ido kuka sa?"

"Wa ka ba?"

"Fasassun a bayan shago nake zubarwa. Wata mai niƙabi ke kwasa, wai na goge tukunya."

Bai san kwalli ba, bai san Jamila ba. Uwani ta bar shi.

Jamila ta ce a Tsafe aka sayo kwallin, wurin Manu mai koli. Washegari Uwani ta hau mota. Ta tarar da Manu, wani gwauro da ke rangaɗa kwalli ya fi amarya, ya ɗaure ido ɗaya da tsumma.

"Malam Manu, wa ya mare ka?"

"Bari, Inna! Hajata ce ta ci ni."

Wanda ya san abin da ke ciki ba zai kai shi idonsa ba. Ta tambayi mai niƙa masa. Ya ce Kulu, a Bungudu.

Uwani ta biya ta ɗauki ɗan sanda, ta aje shi a zauren gidan Kulu, ta yi sallama. Kulu ta fito tana tari. Da ma sun san juna a gidajen biki. Kulu ko makoki za ta, sai ta ja wa idonta baƙi. Yau ido fari fat, haka na 'ya'yanta mata uku.

"Ƙawata, idonki ya yi tsirara. Zo in sa miki."

Uwani ta zaro tandun Jamila. Kulu ta ja da baya har ta taka kaza.

"Ciwon ido nake yi."

"Ke da 'ya'yanki duka?"

Uwani ta waiga. A gindin rumbu ga turmin ƙarfe, cikinsa ya goge tas kamar sabon kwano, ga gutsattsarin dutse a buhu.

Uwani ta kira ɗan sandan ta warware masa: "Dutsen kwalli ya yi tsada, wannan kuwa a bola yake, ga baƙi ga ƙyalli. Manu bai sani ba, ya sa. Ita ta sani, ta hana gidanta. Tarin nan ma na dakan ne."

Kulu ta durƙushe. Mudu guda ta ce ta daka. Rabinsa kawai aka samu a ɗakin.

Ranar suna aka kwance idon jaririya. Masu leƙen katanga suka cika ɗaki, kowacce na rantsuwa ita da ma ba ta zargi Uwani ba. Uwani ba ta kula su ba. Ta karɓi yarinyar, ta kaɗa yatsa a gabanta.

Idon dama ya bi yatsan. Na hagu, mai ɗigon fari a tsakiya, ya tsaya cak.